Mai Jela Ya Rasu a Saman Shagon Tabarau

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuskar da ta kasa ɗagowa a cikin layi, mai shagon zane da buga katuna da ke jikin mai gyaran agogo yake sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar amininsa, salon rubutun nan da aka fi sani da Mai Jela. Ya rasu ranar Talata da hantsi, yana da shekara ashirin da biyu a bakin aiki, bayan jinyar wata guda a saman ƙofar wani shagon tabarau.

Marigayin ya shigo shagon ne a cikin wani faifan kwamfuta, shi da 'yan'uwansa ɗari huɗu da casa'in da tara. Har yau maigidansa yana jin kukan faifan a kunne, ƙirrr, ƙirrr, sai ya yi tsit kamar ya fasa, can sai haruffa su bayyana. Duk cikinsu babu wanda ya kama ƙafarsa a ƙasaita. Kowane harafi nasa da jela, wata jelar ma da tata jelar. Babban baƙinsa kan tsaya ƙerere kamar ango a gaban mai hoto, ƙananan su biyo shi suna jan riga a ƙasa.

Bai taɓa ƙin aiki ba. Ya hau katin gayyata, ya hau kalandar makaranta, ya hau takardar shaidar gama koyon ɗinki. Shi ne a allon hana zuba shara na bayan kasuwa, inda shara ta ci gaba da taruwa cikin kwanciyar hankali. Duk wanda ya ce rubutun na da wuyar karantawa, mai shagon kan dube shi da tausayi ya ce ido ne bai waye ba.

Ciwon ajalin ya faro ne ranar da surukin mai shagon, mahaifin matarsa, dattijon da ya shekara arba'in yana haɗa wa mutane tabarau, ya koma sabon shago ya ce a yi masa allo. A shekara goma sha tara na auren, wannan ne karo na farko da ya nemi wani abu a hannunsa. Mai shagon ya ƙudura sai ya burge. Ya saki Mai Jela da ruwan zinare a kan ja, ya sa masa inuwa, ya ƙara wa jelar tsawo. Abin da bai faɗo masa a rai ba ko sau ɗaya shi ne, mai neman shagon tabarau dama idonsa ne ya gaza.

Tsawon wata guda tsofaffin abokan cinikin dattijo suna wucewa ta ƙofarsa suna tambayar ina ya koma. Mata biyu suka shigo a yi musu kwalliya. Wani ya leƙo neman hayar kujerun biki. Matar mai shagon zanen ce ta dire masa kwanon abinci ta ce, "Baba na nemanka, kuma ni dai ba ruwana."

Dattijo ya karɓe shi da fara'a, ya kama hannunsa suka tsallaka titi, suka tsaya jikin teburin mai lemo.

"To, ɗana, karanta mini lambar wayar da ke jikin allon can."

Mai shagon ya ƙanƙance ido. Ya kira bakwai, ya janye, ya ce uku ce.

"Ba laifi, shekaru ne," in ji dattijo. Ya zaro tabarau daga aljihu ya sanya masa da hannunsa. "Yanzu fa?"

Komai ya fito tar, har tsatsar ƙusa da saƙar gizo-gizo a kusurwar allon. Lambar dai ta ƙi.

Mai lemo ya ce, "Au, maigida, dama rubutu ne? Wallahi na ɗauka zanen fulawa ne."

A nan marigayin ya cika.

Ya bar faifai ɗaya mai karce, da tarin 'yan'uwa da ba a taɓa buɗe ko ɗayansu ba, da alluna sama da sittin a cikin gari da ba a san halin da masu su ke ciki ba. Ya kuma bar maigidansa, wanda yanzu sai ya zagaya ta bayan gidan mai in zai je shago.

Za a sauke gawar ranar Asabar da sassafe, kafin a buɗe shaguna. Mai shagon zai ɗauko tsani da kansa, ba ya neman rakiya. Za a rufe ta a bayan kabad, fuska na kallon bango. Ana roƙon masu ta'aziyya su yi ta daga nesa, masu alluna irin na marigayin kuma su shigo ta ƙofar baya.

Game da magaji, dattijo ya amince surukin nasa ya sake yin allon, kuma ya zaɓa da kansa. Ya ciro takardar gwajin ido daga bangon shagonsa, ya naɗe, ya miƙa masa.

"Irin waɗannan, ɗana. Na layin sama."