Man Barkonon Dakta Tanimu

Wani mutum ne a unguwarmu, nan Funtuwa, sunansa Tanimu. Amma in kana son zaman lafiya da shi, kada ka kira shi haka gatsal. Dakta Tanimu za ka ce. In ka manta da Daktan, sai ya yi kamar bai ji ba, ko da kuwa sallama ka yi masa.

Shekara ashirin da biyu ya yi yana aiki a asibiti, wannan gaskiya ne. Aikin kuwa tura gadon marasa lafiya ne, a kai ɗakin tiyata, a dawo da su. Amma zo ka ji shi a majalisarmu ta gindin dalbejiya bayan la'asar. Wai babu likitan da ya taɓa yanka ciki bai leƙo ya ce, "Tanimu, ya ka gani?" ba. Wai ranar da ya yi ritaya har da Bature a masu kuka. Ko atishawa ka yi, sai ya cafke hannunka, ya ƙura wa agogonsa ido, ya girgiza kai. Agogon kuwa tun bara ya tsaya.

Mu dai muna biye masa, don hira da shi akwai daɗi. Tsofaffin unguwa kuma sun yarda da shi da gaske. Ba shi da gona, ba shi da shago, sunan nan na Dakta shi kaɗai ya mallaka a duniya, kuma yana ji da shi kamar ransa.

To, akwai Malam Haladu tela, mutumin kirki, marar hayaniya. Ya fi shekara yana fama da ƙafafu. Wani lokaci ya ce kamar ya taka garwashi, wani lokaci kamar ana tsira masa allura, wani lokaci kuma kamar kiyashi ne ke yawo a ƙarƙashin fata. Tela kuwa da ƙafa yake ci. Keken ɗinkinsa ya zauna shiru, kayan mutane suka taru. Ni kaina ina tausayinsa ƙwarai.

Dakta ya ce sanyi ne. Aka sha maganin sanyi. Ya ce maiƙo ne. Aka sha na maiƙo. Ƙafa dai tana nan yadda take. Ƙarshe yayar Haladu, wato Yaya Kande mai ɗanwake, ta tasa shi gaba sai asibiti.

Da ya dawo muka kewaye shi, kowa na son jin labari.

"Likita ta ce ciwon suga ne ya taɓa jijiyoyin ƙafar," in ji Haladu. "Ta ce ba ciwon kwana biyu ba ne, lallaɓa shi ake yi. In riƙe sugan, in rage tuwo da lemon kwalba. Ga ƙwaya, a fara da kaɗan ana ƙarawa a hankali, sai ta yi makonni kafin a ji aikinta. In ba ta karɓe ni ba, a canza wata. Duk Talata kuma in je gashi da motsa ƙafa."

"Ikon Allah," in ji Alhaji Mudi mai goro. "Duk ita ta yi maka wannan bayanin?"

"Har da zane a takarda. Sannan ga wannan." Ya zaro wani ɗan man shafawa daga aljihu. "Wai da sinadarin barkono aka yi shi. Ɗan mitsitsi ake lakatowa, a shafa, a wanke hannu da sabulu nan take. Zai ɗan yi zafi da farko, a hankali ya kwantar da jijiyar."

Alhaji Mudi ya gyara zama. "Uwargidana ma irin kukan da take yi ke nan. Wace rana likitar take zama?"

Wani ma ya tambaya. Wani ya ce zai kai mahaifiyarsa. Duk wannan magana ana yi, babu wanda ya ko waiwayi Dakta. Na saci kallonsa, na ga fuskar ta yi murtuk.

"Miƙo nan," in ji shi.

Ya buɗe, ya shinshina, ya taɓe baki. "Hm. Sun tsinka shi."

"Ka san shi ne, Dakta?"

"Na san shi? A gabana aka fara haɗa shi. Ni na riƙe kwanon. Wannan na yara ne, ruwa suka cika masa don ya yi auki. Na asalin, shafa ɗaya tak, ka tashi ka hau kekenka. Wane makonni? Wace Talata? Ku ba ni kwana biyu."

Haladu, bawan Allah, ciwo ya ishe shi. Wanda ke jin garwashi a tafin ƙafa, in ka ce masa makonni, wani ya ce shafa ɗaya, ka san wanda zai saurara. Ya ce, "Allah ya saka da alheri, Dakta."

Washegari aka ga Dakta a kasuwa wajen masu kayan miya. Ya sayi attarugu, ja jawur, irin wanda ko kallonsa ka yi sai ka yi tari. Ya sayi ƙananan barkono busasshe mudu guda. Ya haɗa da citta, da masoro, da man kaɗanya. Maƙwabtansa sun ce ranar da ya yi dakan, har akuyoyin gidan sai da suka fice waje suna atishawa.

Ran Alhamis bayan la'asar ya iso majalisa da farar riga, da gwangwanin madara a hannu an rufe da leda. Jama'a sun taru fiye da kullum, don shi da kansa ya bi gida-gida yana gayyata a zo a ga aiki. Aka shimfiɗa wa Haladu tabarma, ya miƙe ƙafafu. Dakta ya buɗe gwangwani. Na kusa da shi suka ja da baya, hawaye na zubo musu.

"Wannan shi ne na asali," in ji shi. "Damƙa guda za a ɗiba, a mulke tun daga yatsu har gwiwa. A bar shi rabin awa, ba a taɓa ruwa."

Sai ga Yaya Kande ta fito daga gida, tana goge hannu da gefen zane. Mace ce da ta yi shekara talatin tana daka yaji, kuma a duk unguwar ita kaɗai ce ba ta taɓa ce masa Dakta ba.

"Tanimu, me nake ji haka kamar an ƙona yaji?"

"Magani ne, Yaya. Harkar likitanci ce, ba za ki gane ba."

Ta leƙa gwangwanin, ta ɗago. "A ƙafar ƙanena za ka sa wannan? Likita ta ce ƙafar mai suga ko ruwan zafi ba a tsoma ta, in ta yi rauni ba ta warkewa da wuri."

"Likitar nan ina aiki aka haife ta."

"Na ji. To bismilla, fara."

"In fara me?"

"Ka shafa. Ko mai tallar maganin shawara a tasha sai ya kurɓa a gaban jama'a kafin ya miƙa wa kowa. Haka muka taso muka gani. Balle kai babban likita."

Alhaji Mudi ya ce, "Gaskiya haka al'adar take."

Dakta ya yi 'yar dariyar yaƙe. "Ai ni lafiyata ƙalau."

"Shi ya sa. In bai cuci mai lafiya ba, sai a ba marar lafiya."

Ya duba hagu, ya duba dama. Mutum ya fi talatin, duk shi ya kira su. In ya ƙi, sunan ya tafi a nan take. Ya naɗe ƙafar wando, ya lakato ɗan kaɗan da kan yatsa, ya ɗiga a idon sawu.

"A'a," in ji Kande. "Damƙa guda ka ce. Daga yatsu har gwiwa. Da kunnena na ji tun daga soro."

Wallahi ya ɗiba. Ya cika hannu, ya mulke ƙafar dama. Ya sake cikawa, ya mulke ta hagu, har tsakanin yatsu, har tana sheƙi. Ya zauna a benci ya harɗe hannu. Alhaji Mudi ya ciro waya ya ce shi zai riƙe lokaci.

Minti na farko, Dakta yana bayani. "Kun gani ko? Sanyi ma nake ji."

Minti na uku, bayanin ya fara gajarta. Yatsun ƙafarsa suka shiga motsi su kaɗai.

"Ya dai, Dakta?" in ji Haladu.

"Aiki yake yi. Yana bin jijiya."

Minti na biyar, ƙafafun suka fara buga ƙasa, dab dab dab, kamar mai taka keken ɗinki. Ya ce wai motsa jini yake. Murya ta siranta. Jijiyar wuya ta fito raɗa-raɗa. Gumi kuwa sharkaf, farar rigar nan ta manne masa a baya.

"Saura minti nawa, Alhaji?"

"Ashirin da biyar."

"Wayar nan taka tana tafiya daidai kuwa?"

"Sabuwa ce."

Yaya Kande ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna a gabansa, ta zuba tagumi tana kallonsa.

Nan fa gumi ya gangaro daga goshi zai shiga ido. Dakta, da yake hankalinsa duk yana ƙafa, sai ya ɗaga tafukan nan biyu da ya mulka maganin da su, ya share fuska tun daga goshi har haɓa. Shaaf.

Ko daƙiƙa biyu ba a yi ba, sai ya kurma ihu.

"Wayyo Allah, idona!"

Ya miƙe zumbur, benci ya kife da mutum uku. Ya ruga bai ga gabansa ba, ya yi karo da dalbejiya, gum. Ya juyo, ya yi fatali da tiren goron Alhaji Mudi. Hula ta yi gabas, takalmi ya yi yamma. Yana tsalle yana fifita ido da hannun, yana ƙara wa kansa. Ya lalubo randar bakin masallaci ya tsunduma kai a ciki, tsulum, ya fito yana cewa ruwan ma zafi ne da shi.

"Dakta, ka ce ba a taɓa ruwa," in ji wani.

"Ku kai ni asibiti!"

Muka tari a-daidaita-sahu muka cusa shi. Ni da Alhaji Mudi muka riƙe shi. Haladu da Kande da sauran jama'a suka biyo a wasu biyu, don babu mai son a ba shi labari. Kuma tun kafin in manta, Haladu ya samu sauƙi daga baya, da ƙwayar nan da gashin Talata da haƙuri, yanzu haka yana kan kekensa. Amma mu koma kan Dakta.

A asibiti aka kwantar da shi, aka yi ta wanke ido, aka wanke ƙafafu da sabulu, aka shafa masa abu mai sanyi. Idon ya kumbura suntum, aka rufe shi da auduga da bandeji. Ma'aikaciyar jinya ta ce mu fita, amma Kande ta roƙe ta a hankali, ta bar mu muka jeru a jikin bango. Muka yi gum, ko tari babu mai yi.

Sai ga likita ta shigo, ita dai wadda ta duba Haladu. Ta dubi ƙafafun, ta dubi gwangwanin da Alhaji Mudi ya taho da shi, ta kawar da kai tana tari.

"Sannu, Baba. Wa ya ba ka wannan abin?"

Dakta ya yi kasaƙe. Ya ji ɗaki shiru.

"Likita, mutanen da suka kawo ni sun fita?"

Likita ta dube mu. Kande ta ɗora yatsa a baki. Likita ta danne dariya ta ce, "Ina jinka, Baba. Wa ya haɗa maka?"

Ya sauke ajiyar zuciya, ya rage murya. "'Yata, wani jahili ne a unguwarmu. Bai san komai ba, ko sunan ƙwaya ɗaya ba zai iya karantawa ba, sai cika baki. Ni tsautsayi ne ya sa na biye masa."

"Subhanallahi. Da a ƙafar mai suga aka sa wannan, ai sai abin da Allah ya yi. Irin wannan mutumin bai kamata a bar shi yana taɓa jama'a ba."

"Abin da nake faɗa kullum ke nan, likita. Kamata ya yi a kama shi, a ɗaure."

Alhaji Mudi ya cusa hula a baki. Haladu ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa.

"To ka ba ni sunansa da inda yake zaune," in ji likita.

Dakta ya fara inda-inda. "Sunan nasa… ai ba mazauni ba ne sosai…"

Sai Yaya Kande ta matso bakin gadon, ta gyara masa bandejin ido a hankali, ta ce, "Likita, kada ki wahalar da kanki da nema. Mun riga mun kamo miki jahilin, ga shi nan a kwance."