Wasiƙu Goma a Wata, Mai Walda Ɗaya a Gari

Yau da safe, tun ban kurɓi kofi ba, saƙo ya shigo wayata cewa ana baƙin cikin sanar da ni ban samu aikin ungozoma ba. Wai sun yi nazarin takardata da idon basira, sai dai an samu waɗanda suka fi ni dacewa. Na sauke ajiyar zuciya, na ce madalla, matan garin nan sun tsallake rijiya da baya.

Masu bin wannan fili sun san ni, Sixten mai walda. Shekarata hamsin da tara, talatin da huɗu daga ciki na yi su ne a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta bakin teku, har bara da aka garƙame ta. Ranar rufewar, Mai Girma Sarkin Samar da Ayyuka ya taso takanas daga babban birni, ya ci burodin kirfa biyu, ya shaida mana cewa ba aiki muka rasa ba, dama ce ta buɗe mana. Allah ya ƙara masa hangen nesa. Wata goma sha ɗaya ke nan ina leƙen inda ta buɗe ɗin ban gani ba, ƙila laifin tabarauna ne.

Yabon gwani ya zama dole, domin mutanensa ba su bar mu mun zauna haka ba. Sun kafa doka: duk mai neman aiki sai ya aika wasiƙu goma a wata, ya kawo shaida, in ba haka ba a ɗauke masa ɗan tallafin da ake ba shi. To garinmu titi uku ne da coci da wurin sayar da kifi, ina za a samo guraben walda goma duk wata? Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na nemi aikin koyar da rawa, na nemi na gyaran gashi, na nemi na kula da dawakai, ni da ban taɓa shafa doki ba. Haka kowa yake yi. Mu ɗari uku da aka sallama, kowa goma a wata, ku lissafa da kanku irin ruwan takardun da ke sauka a kan duk wanda tsautsayi ya sa ya ce yana neman ma'aikaci.

Sannan aka tura mu kwas na mako shida, wai na sabunta basira. Na ɗauka sabon injin walda za a nuna mana. Ashe zama za mu yi a da'ira, a ba kowa farar takarda ya zana bishiyar baiwarsa. Mai koyarwar, wani mai tattausan hannu da bai taɓa ƙonewa da komai ba in ban da kofi, ya duba wasiƙata ya girgiza kai. Layi biyu ce kacal: ni mai walda ne, ku ba ni ƙarfe ku gani. Ya ce wannan ta zamanin da ce. Ya ba mu duka samfuri ɗaya, wanda ya fara da "Ni mutum ne mai ƙaunar ƙalubale, mai iya aiki shi kaɗai da kuma cikin jama'a." Walda ta koma shafi na biyu, can ƙasa, kusa da iya tuƙa keke. Aka sa mini kwat da igiyar nan ta wuya, aka ɗauke ni hoto ina murmushin dole.

Wasa wasa, abu ya zo wuya. Uwar ɗakina a ofishin samar da ayyuka, wadda ke riƙe da fayil ɗina, ta ce in sanyi ya shigo ban samu komai ba, sai in fara nema a can arewa wajen ma'adinai, tafiyar kwana guda cur a jirgin ƙasa. Wato in bar gidan da na gina barandarsa da hannuna, in bar matata Majvor da jikokinmu biyu. Ba zan ɓoye muku ba, tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba ko a saman jirgi ana iska.

Ana cikin haka, makonni uku da suka wuce, sai ga talla: ana neman mai walda a wurin gyaran ƙananan jiragen kamun kifi. Gurbi ɗaya tilo a duk garin. Kuma wurin na Evert ne, maƙwabcina, wanda shinge kawai ya raba gidajenmu shekara ashirin da biyu. Na aika takardata ta kwamfuta kamar yadda aka koya mana, na zauna jiran amsa. Shiru.

Shi ne yau, bayan saƙon ungozoma, Majvor ta dire mini kofi ta ce, "Wai kai tsohon nan, ƙafarka ce ta karye? Ga mutum can yana ba furanninsa ruwa, ka je ka yi masa magana mana!"

Na ce, "Haka kawai? In faɗa wa mutum gida ba alƙawari ba komai?"

"Taku goma sha biyu ne, na ƙirga."

"Haba Majvor, sai in sa shi jin nauyi. In bai so na fa? Shekara ashirin masu zuwa da wane ido za mu riƙa gaisawa?"

"Gaisuwar me? Kai ka ce za a yi ruwa, shi ya ce da alama, ita ce gaisuwar? To zauna. In ka tafi arewa ka riƙa aiko masa da labarin ƙanƙara. Ungo sharar nan ka kai, ko ita ma sai ka rubuta mata wasiƙa?"

Na kwashi shara na nufi wurin rarrabewa, kwalabe daban, gwangwani daban. Ina cikin zuba kwali sai ga Evert ya tsaya da motarsa, ya fito da wani ƙaton akwati fal da takardu. Shi mutum ne da bai yarda da karatu a kan gilashin kwamfuta ba, komai sai ya buga a takarda. Muka ɗaga wa juna kai. Na ce za a yi ruwa. Ya ce da alama. Sai kuma ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya ƙara magana.

"Ɗari biyu da goma sha huɗu, Sixten! Mai walda ɗaya na nema. Ka ga wannan, mai yanka farce ce. Wannan direban bas. Wannan kuma ya rubuta ɓaro-ɓaro cewa ruwa yana sa shi amai. Kuma dukansu masu ƙaunar ƙalubale ne! Da na ga layin nan sai in wurgar. Na gaji. Ran Juma'a zan ce wa masunta su kai jiragensu wani gari, ni ma in rufe in huta."

 Ya fara tura wasiƙun cikin kwandon takardu dami dami, sai na hango wata kwat da na sani, a hoton da ke jikin wata wasiƙa, tana shirin shigewa. Ban san lokacin da na cusa hannu har kafaɗa na cafko ta ba. Na miƙa masa.

Ya duba hoton, ya dube ni, ya sake duban hoton. "Kai ne wannan? Tabɗi! Wallahi na ɗauka mai tallar inshora ne. Wa ya shaƙe ka haka?"

"Kwas ne."

"To ina waldar?"

"Juya baya. Can ƙasa."

Ya juya, ya karanta. Sannan ya ce, "Mutumin banza, kullum ina ganinka ta taga kana yanke ciyawar da ba ta tsiro ba. Me ya hana ka faɗa mini ta kan shinge?"

"Ban so in dame ka ba. Kai me ya hana ka tambaye ni?"

Ya sosa ƙeya. "Na yi tunanin hakan sau uku. Na ce ƙila ka fi ƙarfin ɗan wurina, kai da ka saba da manyan jirage. Ban so in dame ka ba."

Muka tsaya, tsofaffi biyu a gaban kwandon shara, kowa yana kallon takalminsa. Ya ce in zo ranar ɗaya ga wata, ƙarfe bakwai, in taho da gilashin waldana, in bar igiyar wuyan a gida. Daɗi ya cika ni har idona ya kawo ruwa, na ce masa iska ce. Ya ce da alama.

Da na koma gida Majvor ta ce ita ba za ta ce komai ba, sannan ta yi rabin awa tana cewa. Na buga wa uwar ɗakina waya in yi mata albishir. Ta taya ni murna ƙwarai, ta ce wannan ya nuna kwas ɗin yana aiki, za a sa ni cikin alƙaluman nasarar da Mai Girma zai karanta wa 'yan jarida. Na ce a miƙa masa gaisuwata, ya sha wahala a kaina. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Ta ce tunda sai ɗaya ga wata zan fara, har yanzu ni mai neman aiki ne a idon doka, kuma wasiƙu uku kawai na aika a wannan watan. Saura bakwai.

Na zauna da rana na rubuta su, amma raina bai so ba, domin yanzu na ga inda suke sauka, na kuma san kowacce kan ta wani take faɗawa. Saboda haka na goge ƙaunar ƙalubale, na sa layi ɗaya a sama da manyan baƙaƙe. In kana da shagon fure ko makarantar koyon iyo, ka ga wasiƙar wani Sixten a makon nan, kada ka wahalar da idonka, abin da ke ciki ke nan: "Ni na samu nawa. Don Allah a karanta ta ƙarƙashin wannan, har shafi na biyu."