Salansata da Fuskar Mai Girma

Jama'a, ranar Larabar da ta wuce na wayi gari ina mai sayar da awara, kafin rana ta take na zama wanda ya ɓata wa hukuma fuska. Kuma ba da baki na ɓata ta ba, da salansa ne.

Bari in faro muku daga tushe. Sana'ata ita ce in loda awara a bayan tsohuwar a-kori-kurata mai shan dizal, in bi ƙauyukan kwarin nan ina kaɗa ƙararrawa, matata Maman Eun-bi tana yanka wa mutane a ƙofar baya. Motar nan in aka kashe ta sai an yi ta lallami take tashi, saboda haka ba na kashe ta. Salansa kuwa a baya take, daidai inda ake ciniki. Wata safiya Iya Bok-rye, wadda ta fi kowa saye ta kuma fi kowa mita, ta ɗaga tata awarar sama ta ce, "Ɗan nan, awara na ce ka ba ni ko gawayi? In na ajiye wannan a gaban hoton marigayi mijina, ai sai ya taso ya yi mini faɗa." Matata ta ɗora da cewa ko salansa ta bar bayan motar, ko ita ta bar shi.

Na garzaya wurin Yaya Tak mai walda. Ya shiga ƙarƙashin mota ya datse bututun, ya lanƙwasa shi, ya fito da bakinsa ta gefen dama, gaban tayar baya. Ya miƙe yana kaɗe wando ya ce, "Shi ke nan, ƙanena. Nan ba ta damun kowa, sai wanda ya kawo fuskarsa ƙasa da kansa. Wa zai yi haka?" Muka yi dariya. Dukanmu mun manta ana kakar zaɓe.

Kun dai san Mai Girma Uban Alƙawura, shugaban gundumarmu mai neman zarcewa, rai ya daɗe, ya yi wa ƙananan 'yan kasuwa alƙawarin dizal mai rahusa. Kuma ya cika, kada a zalunce shi. An yi bikin buɗe gidan man da makaɗa da furanni da almakashi na zinariya, an rataya kyallen sanarwa wanda ya kusa kai tsawon gadar garinmu. Abu ɗaya kawai aka manta, wato famfon mai na biyu. Don haka ranar Laraba muna cikin layi tun hantsi, motata na ta gunji a tsaye tana tara baƙin ciki a cikinta, ni ma ina tara nawa.

Sai ga Mai Girma da tawagarsa. Mutum mai basira ne, ya gane babu inda za a samu masu ƙuri'a da ba za su iya gudu ba kamar layin mai. Ya sa farar safar hannu, ya rataya ɗamara mai lambar takararsa, aka shimfiɗa masa tabarma a bakin titi. Kuma ba ɗan rusunawar nan ta kullum ya yi ba, babbar gaisuwa ya shiga yi, irin wadda muke yi wa iyaye ranar sabuwar shekara: gwiwa a ƙasa, goshi a kan hannu, mota bayan mota. Da ya iso tawa, ya durƙusa ta dama, daidai lokacin da na gabana ya matsa. Wanda ya taɓa bin layin mai ya san in ka bar taki ɗaya wani zai cusa kai. Na taka totur.

Abin da motar nan ta tara tun safe, gaba ɗaya ta sauke shi. Mai Girma ya ɗago, babu abin da ya rage fari a fuskarsa sai idanu da haƙora, don murmushin neman ƙuri'a bai riga ya sauka ba.

Ofishin Kula da Tsabtar Iska da Mutuncin Manya, wanda muka yi ta nema lokacin da hayaƙin juji ya hana mu shanya kaya ba a samu mai ɗaga waya ba, kafin in rufe baki ya iso da motar janwe. Aka ja motata da awara a cikinta. Ba zan ɓoye muku ba, motar nan ita ce gonata, ita ce shagona, ba ni da wata. Na koma gida a ƙasa, matata ta dube ni ta ce, "Baban Eun-bi, cewa na yi ka kawar da hayaƙi daga fuskata, ban ce ka zaɓo fuskar da ta fi kowace tsada a gundumar nan ba."

Washegari muka nufi ofishin, ni da Yaya Tak. Iya Bok-rye ta ce sai ta bi mu, don ita ce ta ja abin. A hanya muka ga abin mamaki. Kowane bango an manna sabon hoton Mai Girma da baƙar fuskar nan, a ƙasa an rubuta wai ya yini yana taya manoma gyaran injin huɗa, abin da talaka ke shaƙa shi ma shi yake shaƙa. Har na ji kamar in zaɓe shi.

Jami'in ofis ya ce mota ba za ta fita ba, ta yi wa babban mutum feshi a bainar jama'a.

Iya Bok-rye ta dogara sandarta ta ce, "Yaro, wane feshi? Ba wajen gyaran inji ya samo baƙin ba? Haka na gani a bango."

Jami'in ya ce, "Haka ne, Iya."

"To motar ɗan nan me ta yi?"

Ya hau sosa ƙeya.

Ta ce, "Ba komai, riƙe ta. Gobe kasuwa, in aka tambaye ni ina mai awara, zan faɗa musu inda yake da abin da ya kai shi. Ni kuma muryata ba ta buƙatar lasifika."

Jami'in ya shiga ciki ya yi waya, ya fito da makulli a hannu biyu har da rusunawa. Amma don kada ya tashi a banza, ya ce ya kamata a mayar da salansar baya, domin haɗari ce ga shugabanni. Yaya Tak ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri zuwa ranar zaɓe, haɗarin zai gyara kansa."

Awara dai ta yi tsami, kajin maƙwabta ma sun shinshina sun wuce. Amma mota ta dawo, kuma jiya da yamma wani mai baƙar kwat daga ɓangaren abokin takarar Mai Girma ya zo har gida yana tambaya cikin ladabi ta wace hanya nake bi da safe, kuma ko motar tana yin hayaƙin kullum. Na ce ya zo da wuri, layi ne.

Salansa kuwa tana nan gaban taya, kuma kada hankalin kowa ya tashi. Mako mai zuwa za a yi zaɓe. Daga ranar, in kun ga kan wani babba ya sauko daidai bakinta, to kuɗinsa ne ya faɗi.