Rasuwar 'Yar Kwatano da Cigiyar Cilakowa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da bai gama bushewa ba, Malam Ari Kyari mai wankin hula na unguwar Kwaciri a Fagge yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da maƙwabta, musamman mutanen Sabon Gari, rasuwar kwamfutarsa ta cinya wadda aka fi sani da 'Yar Kwatano. Ta cika da hantsin Talatar da ta wuce, a kan teburinta, wayar caji na jikinta, bayan doguwar jinyar da ta jure ba tare da ta kai ƙarar kowa ba.

Mai karatu, in dariya ta zo maka yi abarka, Malam Ari ya saba. Amma don Allah ka karanta har ƙasa, domin akwai mutumin da ake nema, wataƙila ma maƙwabcinka ne.

Ba wanda ya san shekarun marigayiya. An haife ta a ƙasar waje, ta yi zaman farko a hannun wani da ba a sani ba, wanda ya bar mata tabon gindin kofi a murfi. Ta shigo ta ruwa, ta sauka Kasuwar Sabon Gari da sauran ƙarfinta. A nan ne Hajiya Fanta, matar Malam Ari, Allah ya jiƙanta, ta gan ta ta ɗauko ta. Hajiya Fanta ta yi aikin buga takardu a wata makarantar 'yan mata, ta san kan na'ura, kuma ta gaji. Mijinta tun yana yaro yana bin mahaifinsa gaɓar tafkin Chadi sayen banda ya kamu da son tsuntsaye, ciwon da har yau ba a samo masa magani ba. Kullum ya sauko daga soro sai ya zauna ya ba ta labari: yau hasbiya ta yi kaza, shirwa ta kori hankaka. Rannan ta ajiye masa kwamfutar a gaba ta ce, "Malam, ni fa a wurina duk abin da ke da fiffike tsuntsu ne. Zo in haɗa ka da irinka in huta."

Ita ta buɗe masa akwatin imel. Ita ta zaɓi kalmar sirri, ta ce wa kwamfutar ta riƙe, kwamfutar kuwa ta riƙe amana. Ita kuma ta shigar da shi wani zaure na masu kallon tsuntsaye, inda in mutum ya aika saƙo ɗaya yakan isa ga kowa.

Wanda ya kafa zauren ya kira kansa Gauraka. Ya kafa shi ne a wani lokaci da gari ba daɗi, mutumin Fagge na ɗari-ɗari da tsallaka titi zuwa Sabon Gari, na can ma haka. Sai ya sa doka: ba wanda zai faɗi sunansa, ko garinsu, ko inda yake ibada. Kowa ya ɗauki sunan tsuntsu. Abin da ake so daga gare ka kawai shi ne me ka gani, a ina, yana me. Ya kuma ƙara da cewa kada kowa ya aika labari sai ya koma ya sake duba tsuntsun da idonsa, don wani ya taɓa tayar da zaure kaf a kan baƙar leda da ta maƙale a falwaya. Malam Ari dogo ne, ga wuya, saboda haka Hajiya Fanta ba ta ko yi shawara da shi ba ta rubuta masa Zalɓe.

Kai, an yi zamani! A lokacin nan 'Yar Kwatano ba ta hutawa. Da an kunna ta sai ka ji "ƙilin, ƙilin, ƙilin", saƙo na bin saƙo. Belbela na ba da labari daga bakin kududdufi, Mujiya na musu da kowa a kan komai, wani ya rantse ya ga ungulu a kusa da mayanka, aka yi mako ana taya shi murna kamar an yi masa haihuwa. Malam Ari yakan jera hulunan mutane a kan kaskon guga, ya zauna da yatsa ɗaya yana neman haruffa, fuskarsa kamar ta wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Za a daɗe ana tuna halayen marigayiya. Ba ta da gaggawa. In aka danna mata maɓalli sai ta yi "huuu" kamar tsohuwa za ta tashi daga tabarma, mutum ya dafa shayi ya sha rabi kafin ta buɗe ido. Ba ta taɓa ce wa Malam Ari labarinsa ya yi tsawo ba. Ba ta taɓa tambayarsa abin da kallon tsuntsu ya taɓa saya masa ba, tambayar da duk majalisar ƙofar gida ta yi masa. Bayan rasuwar Hajiya Fanta, da 'yan zaman makoki suka watse, 'yarsu Khairiyya ta koma gidan mijinta a Kaduna, ƙarar fankar 'Yar Kwatano ce kaɗai motsin da ya rage a ɗakin. Malam Ari yakan bar ta a kunne ko ba abin da zai rubuta.

Sannu a hankali zauren ya fara yin shiru. Wasu suka koma zaurukan waya inda ake tura gaisuwar Juma'a da tallan turare. Wasu aiki ya ɗauke su. Wasu kuwa haka kawai aka daina jin su, kuma da yake ba wanda ya san sunan wani, ba inda za a je a yi tambaya, balle a yi ta'aziyya. Mujiya da bakinta ba ya rufuwa ta yi tsit. Gauraka da kansa, wanda shi kaɗai ke da ikon shigar da sabon mutum, wata rana ya ba da labarin alhudahuda a harabar wani asibiti, daga nan ba a sake jin sa ba.

Aka bar mutum biyu, Zalɓe da Cilakowa.

Abin da Malam Ari ya sani game da Cilakowa bai cika tafin hannu ba. Yana kallo ne daga saman wani bene a Sabon Gari inda ake hango rufin kasuwa. Ba ya rubutu da safiyar Lahadi. Yana gauraya Hausa da Turanci. Gwiwarsa ta hagu tana damunsa, don ya taɓa ba da haƙurin cewa matakala ta gagare shi kwana biyu. An ce "shi" ne don a samu abin faɗa, amma wallahi ko namiji ne ko mace Malam Ari bai sani ba. Duk da haka shekaru suka yi ta tafiya, kusan kullum ɗaya na gaya wa ɗaya abin da ya gani. Shirwa ta tashi daga Kwaciri, Malam Ari ya rubuta cewa ga ta nan ta nufo ku, jim kaɗan a ji "ƙilin", Cilakowa ya ce ta iso lafiya.

Bara Cilakowa ya karya al'ada sau ɗaya, ya rubuta abin da ba tsuntsu a ciki. Ya ce: "Zalɓe, mu biyu muka rage. Kowa ya tafi bai ce komai ba. In za ka tafi, ka yi mini sallama, ni ma zan yi maka." Malam Ari ya amsa da kalma ɗaya: "Alkawari."

Jinyar marigayiya ta fara ne da batir. Ya kumbura, ya daina riƙe wuta, ta zama ba ta rayuwa sai da waya a jiki, da an ɗauke wuta ta suma. Daga baya zazzaɓi ya shigo, cikinta ya riƙa zafi har Malam Ari yana ɗora ta a kan murfin tukunya yana yi mata fifita da maficin kaba. Fankarta ta koma "kar-kar-kar". Wani farin layi ya ratsa fuskarta daga sama har ƙasa. Khairiyya ta sha cewa, "Baba, don Allah ka bari in sayo maka waya babba." Shi kuwa sai ya ce ai da sauranta.

Ranar Talata da safe ya hau soro, sai ga su a kan tsohuwar bishiyar bayan makaranta: shamuwa biyu, na farkon bana. A zauren nan ba labarin da ya kai wannan daraja, domin duk shekara tsere ake yi a ga wa zai fara ganin mai kawo albishir ɗin damina, kuma shekara uku a jere Cilakowa ne ke riga shi. Dattijon nan ya sauko da gudu har takalminsa ɗaya ya tsaya a matakala. Aka yi sa'a akwai wuta. Marigayiya ta yi "huuu", ta buɗe ido da ƙyar. Ya rubuta saƙon tsaf, yatsansa na kan maɓallin aikawa, sai ya tuna dokar Gauraka. Gauraka ba ya nan, ba mai kama shi, idonsa kuma bai taɓa ruɗa shamuwa da wani abu ba. Amma doka doka ce. Ya ɗauki madubin hangen nesa ya koma sama ya sake dubawa. Su ne. Ya ɗan tsaya yana kallon yadda ɗaya ke gyara wa ɗaya gashin wuya.

Da ya sauko, ƙauri ne ya tare shi a bakin ƙofa. Fuskarta ta yi baƙi. Ya danna, ya sake dannawa, ya kira sunanta kamar mai ji, ya kara kunne a cikinta. Shiru.

An garzaya da ita Kasuwar Sabon Gari wurin Tochukwu mai gyara, wanda ya daɗe yana duba ta. Ya buɗe cikinta, ya shinshina, ya cire abin da ke riƙe ajiyarta ya gwada a wata na'ura. Sannan ya mayar da kusoshin ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Baba, sai haƙuri. Komai ya ƙone, har abin da ta ajiye." Ya kawo masa kujera da ruwan sanyi. Allah ya saka masa da alheri.

An yi iya ƙoƙari. Kalmar sirri mutum biyu suka san ta, Hajiya Fanta da 'Yar Kwatano, dukansu kuma sun tafi. Layin wayar da aka buɗe akwatin da shi na Hajiya ne, da aka kira wani mai sayar da taya ne ya ɗauka. Khairiyya ta buɗe wa mahaifinta sabon akwati ta nemi a shigar da shi zauren, amma mai buɗe ƙofa Gauraka ne. Adireshin Cilakowa kuwa akwai wasu lambobi a ƙarshensa da Malam Ari bai taɓa haddacewa ba, duk wanda aka gwada sai saƙon ya dawo.

Marigayiya ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif, da jakar da zif ɗinta ya mutu, da madubin hangen nesa wanda yanzu yake gani ba shi da wanda zai gaya wa. Ta bar Malam Ari. Shi ba rashin na'urar ne ke hana shi cin abinci ba. Abin da ke cin ransa shi ne ya san yanzu haka akwai wani a saman bene, da ciwon gwiwa, yana rubuta abin da ya gani yana jiran amsa, kuma ba da daɗewa ba zai yanke cewa Zalɓe ma ya yi irin ta sauran.

Game da jana'iza, an tuntuɓi Malam Abdurra'uf limamin unguwa, ya ce, "Malam Ari, ƙarfe dai ba a yi masa salla, amma kai muna yi maka addu'a." An karɓi wannan. Ana kuma sanar da 'yan gwangwan da suka fara zarya cewa ba za a sayar ba, su daina wahalar da kansu. Za a naɗe ta a zanen Hajiya Fanta a sa ta cikin adakarta ranar Asabar bayan sallar La'asar. Zaman karɓar gaisuwa a ƙofar shagon wankin hula ne, layin bayan makarantar firamare, Kwaciri. Ba a buƙatar kowa ya kawo komai.

Za a liƙa wannan takarda a kasuwa da ƙofofin benayen Sabon Gari. Duk wanda ya san wani dattijo ko wata dattijuwa da ke hawa sama da safe don kallon tsuntsaye, ya taimaka ya kai masa. Malam Ari ya san da wannan sanarwa ya karya dokar zaure, ya faɗi sunansa da unguwarsa, yana neman afuwar Gauraka duk inda yake.

Cilakowa, ba sai ka faɗi naka sunan ba. An ajiye kujera mai jingina saboda gwiwar. In Asabar ɗin nan ba ta yiwu ba, za a fito da kujerar Asabar ta gaba, da ta gaba, har shamuwa ta koma. Biyu ne, suna kan bishiyar bayan makaranta, an duba sau biyu. Zalɓe yana nan da ransa, bai tafi ba.