Rasuwar Ƙarfen Ƙugun Alhaji Jumare

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abin da ya fi baƙin ciki zafi, Alhaji Jumare mai shanu na Zongon Lomé yana sanar da rasuwar ƙarfen ƙugunsa na hagu, wanda likitoci suka dasa masa a Faransa bayan bijimi ya take shi a kasuwar kara.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya hau motar shanu ya sauka ba raki. Ya sha rana a tsaye duk lokacin da aka tara jama'a don tafa wa jam'iyya, bai taɓa ƙorafi ba. Maganarsa ɗaya ce tak, ita ma sai a ruku'u: "ƙyas."

Ajalinsa ya zo ta hannun Seydou wanzami, Allah Ya isa. Ya ga Alhaji yana ɗan ɗingishin damina, ya ce, "Alhaji, Nasara ya ɗinke amma bai tsotse ba, mataccen jini ne, wallahi." Ya tsaga tabon aikin da askar da ya gama kwashe gemun wani da ita, ya kafa ƙaho a kai.

Wuri ya kumbura, ya tara mugunya. Likita ya ce hanya uku ce: a buɗe a wanke a bar ƙarfen, ko a cire a sa sabo nan take, ko a cire a jira ciwon ya mutu tukuna. Alhaji, don ƙauna, ya ce a wanke. Aka wanke, mugunya ta dawo har ta ci ƙashi. Da aka ciro marigayin, babu sauran inda sabo zai kama. Ƙafa ta gajarce. Mutumin da ke kayar da sa da hannunsa, yau a zaune yake salla, kuma abin yana cin ransa.

Marigayin ya bar ƙugun dama cikin maraici, da takalmi mai tudu, da Hajiya Meimuna mai wankin miki, da Seydou da har yanzu bakinsa ke iya cewa "ya jiki?"

Malamai sun ce ba a yi wa ƙarfe salla. Saboda haka ran Juma'a bayan la'asar za a kai gawar maƙerar Iddi, ya ɗaura ta a kan sandar Alhaji, dunƙulallen kan ƙarfen yana sama. Daga can za a raka ta rumfar Seydou. Ana roƙon jama'a kada kowa ya shiga rabon faɗa. Ƙugun hagun wanzamin kawai ake nema, sauran kuwa likita yana da hanya uku, Seydou ya zaɓa.