Sukarin Kaka Lami da Haƙoran Humaira

"...gajiya ta bi lafiya, amarya. Ya na same ku?"

"Ka same mu inda ka bar mu. Mijin da aka aika Bodija tun hantsi, sai yanzu da azahar ta gota? Ko kasuwar ce ta tashi ta koma Ojoo?"

Kaka Lami na zaune a kan kujera 'yar tsugunno a tsakar gidansu da ke unguwar Sabo a Ibadan, ta wanke tukunyar alewar madara ta kife, sukari kawai take jira. Shekara talatin ke nan tana wannan sana'a daga cikin gida. Wanda ta aika kuwa jikanta ne Anwar, ɗalibin likitancin haƙori a jami'a, wanda ba ya leƙo gida sai ranar Asabar. Can gefe a kan tabarma ƙanwarsa Humaira ce kwance, 'yar shekara biyar, ta dafe kunci. Tun da aka yaye ta a ɗakin Kaka take kwana, kuma yau kwana uku ke nan haƙori ya hana ta cin abin kirki.

Anwar ya zuge jaka ya fito da wani ɗan mitsitsin buroshi da man goge baki, ya ajiye a gabanta.

"Ga saƙonki."

"Wannan fa? Da shi zan dama alewar?"

"Sukari ya ƙare a Bodija kakaf. An ce wata tsohuwa a Sabo ta ɗura wa jikarta shi duka."

"Ja'iri! Da ganin idonka sukarina na cikin jakar nan. Oya, maza fito da shi kafin in sake ka."

"Mace ke sakin miji a garinku?"

"Miji irinka ko kaza ma ta sake shi. Shekara huɗu kana karatun leƙa bakin mutane, haƙorin ƙanwarka ɗaya ya gagare ka. To ka huta. Gobe zan kai ta wajen mai hayaƙin nan na bayan Mokola ya fitar mata da tsutsar."

"Tsutsar da yake zuwa da ita a hannun riga?"

"Da idona na ga ya ciro uku daga bakin ɗan maƙwabciyata!"

"Ciwon ya tafi?"

Kaka ta gyara ɗaurin kallabi. "Ya tafi... ya dawo. Ƙila akwai ta huɗu."

Anwar ya kwashe da dariya, ya durƙusa kusa da Humaira. "Pele, sannu 'yar ƙanwata. Buɗe in gani." Ya haska bakin da fitilar waya, ya daɗe yana dubawa, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Kaka na lura da shi.

"Matso ki ga baƙinki, amarya. Kin ga wannan farin abu mai yauƙi a gindin haƙori?"

"Tuwon jiya ne."

"Gari ne guda. Ƙwayoyin cuta ne a ciki, sun fi mutanen Ibadan yawa."

"A bakin yarinyar da ko cokali ba ya shiga da kyau? Ƙarya dai ba ta yi maka wuya, gadon kakanka ne."

"Saurara mana. Yawun bakin mutum akwai furotin a cikinsa."

"Wanda kuke cewa yana cikin wake?"

"Danginsa. Wani yakan kwanta a kan haƙori kamar an shimfiɗa tabarma, sai ƙwayoyin nan su zo su zauna. Su ma suna da nasu furotin ɗin, shi ne ludayinsu. Da sukari ya shigo, sai su juya shi ya zama danƙo, su manne da haƙori, kurkure baki ba ya fitar da su."

"Au! Wato alewa suke damawa?"

"Sak irin taki."

"Abokan sana'ata ne ashe. To ina ruwanka da masu neman halaliyarsu?"

"Ba su da tarbiyya ne. In sun ci sun ƙoshi, a nan suke tsuguno. Abin da suke fitarwa tsami ne, shi ke cin bayan haƙori a hankali har ya yi rami."

"Tir! A bakin jikata?"

"A bakin kowa. Sai dai yawu na da nasa dogarawan. Yana wanke tsamin, yana ma gyara inda ya fara zaizayewa, in an ba shi sarari. Amma in yaro na tsotsar zaƙi daga safe har dare, yaushe zai yi aikin? In aka yi barci kuma yawu raguwa yake yi, gari ya zama nasu."

Kaka ta juya wajen Humaira. Kullum kafin Humaira ta kwanta sai ta sa mata gutsuren alewa a baki, ta tsotsa har barci ya ɗauke ta. Tun daren farko na yaye ta fara, da yarinyar ta yi ta kukan uwa har muryarta ta dishe, ba abin da ya rarrashe ta sai wannan. Ta dubi hannuwanta, ta dubi tukunyar da ke kife.

"Ke nan ni na ɓata mata baki," ta faɗa a hankali.

Anwar ya ɗago da sauri. "Ke? Wa ya ba ki wannan matsayi? Ƙwayoyin ne suka yi aikin, ke 'yar kai musu abinci ce kawai."

"Ubanka ne ɗan kai abinci!"

"Ɗanki ne dai, ki zage shi da kyau."

Ta kai masa duka da mafici, ya goce. Sai ta ce, "Ai haƙoran nono ne, zubewa za su yi."

"Turamen nan na ciki sai ta kai shekara goma ko fiye kafin su fita. Da me za ta tauna kafin nan? Ga na dindindin suna tafe, in suka fito cikin wannan gari, su ma a kansu za a zauna. Amma ki kwantar da hankalinki, guda ɗaya ne ya yi rami, cike shi za a yi. Sauran farin tabo ne kawai, in ana goge su da man nan safe da dare, kaɗan kamar ƙwayar wake, za su iya warkewa. Malamanmu ma bincike suke yi, suna gwada dattin bakin yara masu ciwo da na masu lafiya, su ga wace ƙwaya da wane furotin ya bambanta su. Fatan shi ne wata rana a gane yaron da ke cikin haɗari tun haƙorinsa bai huje ba."

"Manyan malamai, da digiri, suna tara dattin baki? Allah Ya shirya. Ni dai shekara saba'in asuwaki nake yi, ko kare bai kai ni haƙori ba."

"Asuwaki na da kyau, in ya kai lungu. Mu gwada?"

Ya fito da wasu ƙananan ƙwayoyin magani, ya ce duk inda dattin ya kwanta za su rina shi shuɗi. A tauna, a zagaya da harshe, a tofar.

"Guba za ka ba ni ka gaji tukunyata."

"Tsoro dai kike ji."

"Ni? Kawo. Amma tare za mu tauna, ban yarda da kai ba."

Suka tauna, suka kurkure. Anwar ya miƙa mata waya ta duba fuskarta. Ta yashe baki. Tsakanin jan goro na shekara da shekaru, ga shuɗi ya bi gindin haƙoran ƙasa reras.

"Innalillahi! Ka mai da ni marina!"

"Ga garinki nan, amarya. Har da unguwanni."

"To buɗe naka, likita."

"Nawa ai ba sai an..."

"Buɗe!"

Ya buɗe. Na gaba fes. Kaka ta kama haɓarsa ta juya shi wajen haske, ta leƙa can ciki, sai ta saki guɗa.

"Humaira, taso ki gani! Turamensa shuɗi kamar an tsoma a baba! Malam likita, me ka ci a hanya?"

"Rake ne... guda biyu."

"Biyu?"

"Da 'yar alewar da na ɗauka a farantinki da safe."

"Ɓarawo! Ashe kai ma kana kai musu abinci!"

Humaira ta tashi zaune, ta dubi bakin Kaka, ta dubi na yayanta, ta fashe da dariya hannunta na kunci. Rabon Kaka da jin wannan dariya kwana uku. Ta jawo yarinyar jikinta, ta ɗauki ɗan buroshin tana jujjuya shi.

"To faɗi sharuɗɗanka, mai baƙin baki."

"Shuɗi dai. Alewa bayan abincin rana, sau ɗaya, ta kora da ruwa. Da dare babu. Ke za ki goge mata da hannunki, don nata bai iya ba tukuna. Litinin kuma in kai ta asibitinmu."

"In ta yi kuka da dare fa?"

"Ki yi mata waƙa. Muryarki ko ɓarawo ta sa shi ya kwanta don tsoro."

"Sana'ata kuma in rufe?"

"Wa ya ce? Ki sayar, ki riƙa gaya wa iyayen abin da na gaya miki." Ya zaro ledar sukarin daga ƙasan jaka ya dire mata.

Kaka ta yi dariya har da share ƙwalla. Ta miƙe da ƙyar ta shiga ɗaki, aka ji tana buɗe akwati. Ta fito da wata hula zanna a naɗe cikin takarda, sabuwa dal, ta kifa masa a ka ta danna.

"Ta kakanka ce, bai samu sa ta ba Allah Ya yi masa rasuwa. Ka ci wasan yau. Litinin da ni za a je, in ga masu tara dattin nan da idona. Ka sa hular, ka goge turamenka. Ba zan shiga cikin manyan mutane da miji kai ba hula, baki kamar na ɗan marina ba."