Kyamara Biyar, Hoto Ɗaya

Wani ne Allah ya jarabce shi da son kyamara. Ban ce son hoto ba, don har yau ban haɗu da wanda ya ce ya ga hoton da ya ɗauka ba. Kyamarar yake so, ita kanta. Da ya sami hali sai ya sayi wata baƙa, 'yar ƙarama, mai nauyi kamar dutsen guga. Ba ta saita kanta, ba ta jawo abu kusa, bayanta ma ko sikirin babu, ƙarfe ne a shafe. Kai za ka leƙa ta wata 'yar taga a kusurwa, ka yi ta murza gilashi da hannu har abin da kake kallo ya daina zama biyu. In ka tambaye shi me ya sa ta fi sauran tsada alhali komai babu a jikinta, sai ya dube ka da tausayi. Babba yake kiranta.

Ranar da ya shigo gida da ta biyu, wata 'yar mitsitsiya mai shiga aljihu, matarsa ta ce, "Waccan ta lalace ne?"

"Lafiyarta ƙalau. Don kada ta lalace na sayo wannan."

Wai ta ranar ruwan sama ce. Amma aikinta na gaskiya shi ne ɗaukar hoton Babba. Zai ɗora Babba a kan tebur kusa da kofin shayi, ya karkata ta kaɗan, ya ɗauka da 'yar aljihun, ya tura wa 'yan'uwansa masu irin wannan cutar. Su kuma su turo masa nasu.

Sai ta uku, tsohuwa mai cin fim, ko da batirin Babba zai mutu. Ya saka mata fim tun ranar da ya sayo ta, kuma tun ranar yake jiran abin da ya cancanta. Aka haifa masa 'ya, ta yi rarrafe, ta tashi, ta shiga makaranta, duk hasken bai yi ba. Ta huɗu mai dogon gilashi ce kamar bututun ruwa, saboda Babba ba ta hangen nesa.

Matar ta ce, "Me kake son ɗauka daga nesa?"

Ya ce, "Ban sani ba tukuna. Ai bai matso ba."

Ta biyar kuwa irin mai tofo hoto nan take ce. Wannan ko shi bai iya faɗin dalilinta ba, ya dai ce gida ba ya zama babu ita. Durowar da matar take ajiye zannuwan gado ta koma ɗakin kwanan kyamarori, zannuwan suka koma kwali a ƙarƙashin gado.

To, yana da suruki, tsohon mai gyaran agogo, mutum marar yawan magana. Tun ranar da aka ba mutumin nan 'yarsa tsohon yake kallonsa kamar agogon da aka kawo gyara bai gano inda matsalar take ba. Shekaru na leƙen ƙananan ƙarafa sun cinye masa ido. Likita ya gaya masa gaskiya, ganin yana raguwa kuma ba zai dawo ba. Tsohon bai yi kuka ba, bai yi ƙorafi ba. Abu ɗaya ya roƙa: a tara masa 'ya'yansa da jikokinsa duka, a ɗauke su hoto guda, a wanke shi babba, ya rataye gaban kujerarsa ya yi ta kallo kafin hasken ya ƙare.

Tara su ba ƙaramin aiki ba ne, kowa da garin da yake. Babban yayan matar mutumin nan ma daga wata ƙasa ya taso, kuma a ranar zai koma, jirginsa na yamma ne. Aka fara maganar a kira mai hoto daga kasuwa. Matar mutumin nan ta ji kunya ta kama ta, ta ce ina amfani, ga mai kyamara biyar a gida.

Da suka keɓe ta ce masa, "Don Allah, baban yara, ka fitar da ni kunya. Hoto ɗaya Baba ya roƙa a duniya."

Ya ce, "Ɗaya? Ai kin raina kayan aikin."

Ranar ya iso gidan surukai kamar mai talla. Babba a ƙirji, ta fim a hagu, mai dogon gilashi a dama tana dukan gwiwarsa, mai tofo hoto a baya, 'yar aljihu a aljihu. Igiyoyin sun sarƙe a wuyansa, har da zai durƙusa ya gaida tsohon sai da aka taimaka masa ya miƙe.

An jera kujeru a tsakar gida. Tsohon a tsakiya da tabarau mai kauri, matar tsohon a gefe, 'ya'ya a tsaye a baya, jikoki a ƙasa an goge musu fuska. Babban yaya ya ciro wayarsa ya ce, "Bari ni ma in ɗauka, ko da tsautsayi."

Mutumin nan ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Ya ce, "Yaya, in likita yana aiki, kakan shigo da wuƙarka ko da tsautsayi?"

Ya sa aka kawo roba daga kicin, ya bi kowa ya karɓi wayarsa, har ta surukarsa wadda ko kyamara ba ta da ita. Ya kai robar ɗaki ya ja ƙofa.

Ya fara da mai dogon gilashi, wai don ya auna fuskoki. Ya ɗaga ya leƙa, bai ga komai ba sai kunnen surukinsa, ya cika ko'ina. Ya ja da baya, kunne da rabin hula. Ya ƙara ja har ya fita ƙofar gida, ya tsallaka titi, ya tsaya gaban shagon mai faci. Daga can kowa ya shiga, sai dai katanga ta tare su. Ya dawo yana haki ya ce an gama da wannan, dama ba aikinta ba ne.

Gwaggon matarsa ta ce, "Ɗan nan, ɗauke mu da mai tofowar mana, mu gani a hannu."

"Takardarta ta ƙare, Gwaggo."

"Me ka ɗauka da ita?"

"Gwaji."

A ɗaukar hoton Babba ya ƙarar da ita, fakiti guda, amma bai ga dalilin faɗa ba. Aka ce to ta fim ɗin fa? Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya daɗe, ya ce hasken bai kai na fim ba. 'Yar aljihu kuwa ya ce ba zai wulaƙanta Baba da ita ba. Rana tana dukan mutane, jikoki sun fara zamewa, babban yaya yana ta duba agogo.

Sai ya kama Babba da hannu biyu. Ya yi musu jawabi tukuna. Ya ce wannan ba irin kyamarar da suka saba gani ba ce, duk abin da suka sani game da hoto su ajiye shi gefe, kada wanda ya yi masa tambaya, kada wanda ya motsa.

Abin da ke akwai, irin wannan kyamarar tagar da kake leƙawa daban, gilashin da ke ɗaukar hoto daban. Sauran kyamarori in ka manta murfi a gaba, kana leƙawa za ka ga duhu. Ita wannan ko ka rufe gabanta da murfin tukunya, ta taga duniya tar za ka gan ta. Mutumin nan ya leƙa, ya ga surukansa reras, kyakkyawan haske a fuskar tsohon, har ransa ya yi sanyi. Su kuma suna kallon baƙin murfi zaune daram a gaban gilashi.

Ƙanwar matarsa ta ce, "Yaya, akwai wani abu a gaban..."

"Babu abin da ke gaban kyamarar nan da ban san da shi ba."

Gwaggo ta raɗa wa ta kusa da ita, "Ba a cire wancan?" Aka raɗa mata cewa masu tsadar haka suke, ta cikin murfin suke gani. Maganar ta zagaya layin baya, kowa ya gyaɗa kai. Matarsa ta buɗe baki, ta tuna ita ta kawo shi, ta rufe. Tsohon kuwa daga inda yake ko mutumin da ƙyar yake rarrabewa, balle murfi.

Ya murza, ya murza, ya riƙe numfashi. Ƙyas.

"Shi ke nan, a tashi."

Babban yaya ya ce, "Ba za ka ƙara ko ɗaya ba?"

"Mai shakka ne yake danna biyu."

Aka watse, aka raba wayoyi, masu tafiya suka kama hanya. Da ya zo mayar da Babba jaka sai ya shiga laluben murfi a aljihu. Babu. Ya duba gabanta, ga shi a rufe. Ya yi murmushi, ya ce wa matarsa, "Kin ga sabo? Hannuna ya rufe ta ban ma sani ba."

Washegari ya ciro katin da Babba ke adana hoto a ciki, ya ajiye a shagon mai wankin hoto, ya ce hoto ɗaya ne a ciki, a wanke shi girman ƙofar taga, a sa firam mai kyau, a naɗe. Bai tsaya dubawa ba, ya ce ya riga ya gani da idonsa. Bai yi nisa ba mai shagon ya kira shi.

"Ranka ya daɗe, hoton nan baƙi ne fa."

"Na sani. Ba na ɗaukar mai kala."

"A'a, ina nufin babu komai a..."

"Haka kuke cewa duk hoton da ba ku gane ba. Kada ka ƙara haske, kada ka rage, kada ka taɓa min komai. Yadda ya fito daga kyamara haka nake so."

Mai shago ya ce to. Ya wanke, ya sa firam mai ruwan zinariya, ya naɗe da takarda, ya ɗaure da igiya.

Da hantsi mutumin nan ya shiga falon surukinsa rungume da hoto, matarsa a baya. Surukarsa da Gwaggo da ƙanwar suna nan. An riga an buga ƙusa a bango, daidai gaban kujerar tsohon. Tsohon ya goge tabarau da bakin riga ya mayar. Mutumin ya jingina firam a kan tebur, ya tsaya a bayansa, ya yage takardar da ƙarfi yadda ake buɗe sabon gini.

Falon ya yi tsit. Shi yana baya, bai ga gaban ba, sai ya ɗauka kyau ne ya kashe musu baki. Ya leƙo ta sama don ya sha yabo. Baƙi ƙirin, daga kusurwa zuwa kusurwa, sai ƙyallin gilashi. A nan murfin ya faɗo masa a rai.

Tsohon ya matso da fuskarsa. Ya ja baya. Ya cire tabarau, ya mayar. Ya shafa gilashin da tafin hannu a hankali, sannan ya ce da ƙaramar murya, "Ashe har duhun ya zo. Likita ya ce da saura."

Surukar ta kai gefen mayafi ido. Matar mutumin ta dube shi, kallon da ke cewa yi magana. Ya duba ƙofa, ya ga Gwaggo ta tsaya a ciki.

Tsohon ya ce, "Ɗan nan, kowa ya fito?"

Mutumin ya ce, "Kowa ya fito, Baba."

"Babban yayanku?"

"Ga shi nan a bayanka." Ya ɗora yatsa a kan baƙin. "Yana murmushi."

"Jikokin?"

"Duk ga su a ƙasa. Ƙaramar ta ɗan karkata kai, amma ya yi kyau a haka."

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana kallon inda yatsan yake. Sannan ya bi yatsan da ido zuwa hannu, daga hannu zuwa kafaɗa, ya ɗaga kai ya sauke a fuskar surukinsa, ga gumi yana bin goshi, ga igiyoyin kyamara a wuya. Ya sake duban firam. Ya sake duban mutumin.

Ya ce, "Wannan wace irin makanta ce, ta kwashe min 'ya'yana kaf ta bar min kai?"